Kada Ciwo Ya Cinye Jarin Mata

Maganata ta wannan mako a kan matan da ke cin guminsu take, irin su mai ƙosai da mai fura da mai saƙa. Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta ciwo albashinsa na tafiya, in ya tsufa ga fansho. Amma mai ƙosai, ran da ba ta ɗora kasko ba, ran nan ba ta da ko anini. In ciwon ya daɗe, jarin ne za a kai wa mai magani.

Ku ji dabarar da waɗansu mata suka yi a birnin Ahmedabad, jihar Gujarat, cikin ƙasar Indiya. A 1972 wata lauya, Ela Bhatt, ta tara masu talla da masu dako da masu ɗinki, suka kafa jam'iyyar da a ke kira SEWA. A 1974 mata 4,000 suka zuba rufi goma-goma, suka buɗe bankinsu. Da tafiya ta yi nisa sai suka lura, mafi yawan abin da ke hana mace biyan bashi ciwo ne, ba rashin amana ba. Saboda haka a 1992 suka kafa inshora tasu. Kowace ta ba da kaɗan a shekara, wadda ta kwanta asibiti, ko mijinta ya rasu, ko gobara ko ambaliya ta ci kayan sana'arta, a biya ta daga abin da aka tara. Masu karɓar kuɗin kuwa matan unguwa ne da kowa ya sani, su ne kuma ke taya mace cika takarda. Da girgizar ƙasa ta auka wa Gujarat a 2001, waɗanda suka shiga sun ga amfaninta.

Wani zai ce ai matanmu suna da adashi. Gaskiya ne, amma adashi abin da kika zuba shi zai komo miki, ran da ɗauka ta zo kanki. Ciwo kuwa ba ya jiran ɗauka.

Wani kuma zai ji tsoron riba. To, akwai takaful, watau taimakekeniya bisa shari'a, wadda hukumar inshora ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idodinta tun 2013.

Roƙona ga malamai da akawuna shi ne, mu da Allah ya ba alƙalami, mu yi wa iyayenmu da matanmu bayani. Kowane adashi a ware ɗan wani abu dabam saboda ran wuya, a rubuta shi a littafi, a karanta wa kowa lissafin a fili. Da sanyin safiya a kan kama fara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.