Mashawarcin Kamfani da Tuwon Ma'aikaci

Akwai wata sana'a da matasa masu ilmi ke sha'awa a yau, watau zama mashawarcin kamfanoni kan yadda za su mai da ayyukansu kan kwamfuta da intanet. Shi mashawarci yakan shiga banki ko masana'anta, ya duba yadda ake aiki, sa'an nan ya nuna wa masu wurin abin da na'ura za ta iya yi maimakon hannun mutum. Sana'a ce mai kawo kuɗi da suna, amma nauyinta ba ƙarami ba ne, gama rahoton da ya rubuta yana iya raba magidanci da albashinsa.

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba 2022, kamfanoni suke ta neman irin wannan shawara. A Janairu 2025, Dandalin Tattalin Arziki na Duniya ya yi hasashen cewa kafin 2030 za a sami sababbin ayyuka miliyan 170, a kuma rasa miliyan 92. A lissafi riba ce. Sai dai akawun da ya rasa kujerarsa ba lalle ne shi zai sami sabon aikin ba. Mun ga haka a nan gida: masu buga tafireta sun ɓace daga ofisoshi, masu sana'ar POS kuwa sun cika tituna, amma ba mutanen nan ɗaya ba ne.

Su kansu masu ba da shawarar ba su tsira ba. A Maris 2023 kamfanin Accenture, ɗaya daga cikin manyan mashawarta na duniya, ya sanar zai rage ma'aikata 19,000, bayan wata uku kuma ya ce zai zuba dala biliyan 3 a fasahar ƙirƙirarriyar basira. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mashawarcin kirki ba zai ƙidaya kuɗin da za a rage kaɗai ba. Dole ya rubuta sabon aikin da za a koya wa ma'aikatan da ke wurin, da wanda zai biya kuɗin koyon, da lokacin da za a ba su, tun kafin na'urar ta iso. Wanda bai yi haka ba, rabin aiki ya yi.

Ku matasa masu son wannan sana'a, ku fara zama a ofis ko shago ku san wahalar aiki, domin wanda bai taɓa riƙe littafin lissafi ba ba zai iya gyara shi ba. Iyaye kuma, ku tura yara su koyi kwamfuta. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da niyyar horar da mutum miliyan 3. Tun ran gini ran zane.