Layin Tarho Ya Mutu, Amma Kada A Jefar Da Tsohuwar Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, tambayar da nake so mu duba a wannan fitowa ita ce: shin wanda ya gaji tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai ƙaton akwati da allo mai ƙeya kamar talabijin, zai iya haɗa ta da intanet ta layin tarho kamar yadda ake yi a da? Irin waɗannan kwamfutoci suna nan jibge a ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu da gidajen tsofaffin ma'aikata a Lafiya da kewayenta, har da nan Shabu, sun sha ƙura. Da zarar ɗalibi ya sami ɗaya, ya leƙa bayanta ya ga wata 'yar kafa da ta yi kama da ta wayar girke, sai ransa ya ba shi cewa igiya kawai ta rage masa. Amsata a taƙaice ita ce a'a, ba za ta haɗu ba, kuma kada kowa ya kashe ko sisinsa a kan haka. Amma ina da ja da masu cewa tunda ba za ta hau intanet ba, ai ta zama kayan 'yan gwangwan.

Bari in fara bayyana yadda abin yake aiki, domin wanda ya fahimci hakan babu mai sayar masa da tsohon ƙarfe da sunan intanet. Abubuwa uku ake bukata. Na farko shi ne modem, wanda mu ɗaliban harshe za mu fi gane shi idan aka kira shi tafinta. Kwamfuta da lambobi take magana, layin tarho kuwa murya aka yi shi ya ɗauka. Aikin modem shi ne ya mayar da lambobin kwamfuta su zama ƙara, ya aika ta cikin layi, wani modem a can ɗaya ɓangaren ya sake mayar da ƙarar ta koma lambobi. Wannan tsuwa da shashshaka da ake ji lokacin haɗuwa gaisuwa ce tsakanin tafintocin biyu, suna gwada lafiyar layin, suna daidaitawa a kan saurin da za su yi magana da shi. Wani modem ɗin kati ne da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta, wani kuma ɗan akwati ne mai fitilu da ake ajiyewa a gefe. Na biyu shi ne layin tarho mai rai. Na uku kuma kamfanin da zai ɗauki kiran, ya buɗe maka ƙofar intanet.

Idan ukun nan sun samu, sauran aikin ba shi da wuya. A Windows 98 ko Windows XP, mutum zai saka faifan da ke gabatar da modem ga kwamfuta, ya soka igiyar tarho, ya buɗe wurin ƙirƙirar sabon haɗi, ya rubuta lambar wayar kamfanin da sunan da aka yi masa rajista da kalmar sirri, sannan ya danna kira ya jira. In abin ya ƙi, kwamfutar takan ba da lamba. 676 na nufin layin a cike yake, 678 an kira ba a ɗauka ba, 691 sunan ko kalmar sirrin ba daidai ba ne, 680 kuwa ma'anarta layin kansa shiru ne, babu ko numfashi. Wanda duk ya gwada a Shabu yau, ko da modem ɗinsa sabo ne dal daga kwali, a kan 680 zai kwana.

Dalili kuwa shi ne biyu daga cikin ukun nan sun riga sun kwanta dama. Layin girke a Nijeriya na NITEL ne, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985. Har zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma fiye da miliyan 120, kuma akasarinsu a manyan birane suke. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aikin wayar salula, Glo ya biyo baya a 2003, jama'a suka yi ƙaura gaba ɗaya. An miƙa wa Transcorp kamfanin NITEL a 2006, aka karɓe a 2009, daga bisani NATCOM ya sayi kadarorinsa ya fito da ntel a 2016, wanda shi ma ta iska ya kama aiki, bai koma kan tsofaffin wayoyin tagulla ba. Kamfanonin da ke ɗaukar kiran modem su ma sun daɗe da sauya sana'a. Kai, ko a Amurka, inda wannan hanya ta yi tashe fiye da ko'ina, kamfanin AOL ya rufe nasa a ƙarshen Satumbar 2025.

A nan ne nake mamakin masu kewar wancan zamani kamar wani abin daɗi ne ya wuce mu. Gaskiyar magana, garuruwa irin Shabu ba su ma ɗanɗani zamanin sosai ba. An ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996, daidai lokacin da intanet ke rarrafe a Legas, kuma galibin gidaje a nan ba su taɓa ganin wayar girke a falonsu ba. Wanda yake da ita ma biya biyu yake yi, kuɗin kamfanin intanet daban, kuɗin kira daban, in kuma lambar kamfanin ta wani gari ce, kamar Jos ko Abuja, to kowane minti kiran nesa ne. Muddin yana kan intanet, duk wanda ya buga gidan sai ya ji layi a cike. Da damina kuma tsawa takan biyo waya ta ƙona modem. Yawancin mutanenmu a kafe suka fara ganin intanet, inda ake sayen awa, kuma da yawan kafe-kafen da tauraron ɗan'adam suke aiki. Daga nan sai 'yan ƙananan modem na kamfanonin salula masu kama da filashi, sai kuma wayar hannu ta haɗiye komai.

A ce ma yau wani ya farfaɗo da layin. Iyakar gudun modem mafi sauri shi ne kilobit 56 a daƙiƙa, wato kimanin kilobayit 7, kuma a aikace da wuya ya wuce 4 ko 5. Hoto guda na wayar zamani mai nauyin megabayit 3 zai ci minti goma kafin ya sauka. Shafukan intanet na yanzu sun yi nauyi, kuma an sa musu makullan tsaro da tsohuwar manhajar Internet Explorer 6 ba ta san su ba, don haka da yawansu ba za su ma buɗe ba. Ga shi Microsoft ya daina kula da tsaron Windows 98 tun 2006, na Windows XP kuma tun Afrilun 2014. Saka irin wannan kwamfuta a intanet tamkar kwana ne a shago ba ƙyaure.

To amma ku lura da wani lissafi. Wannan maƙala da kuke karantawa, idan zallar rubutu ce, nauyinta bai fi kilobayit 10 ba. Modem ɗin da ya yi minti goma yana jan hoto ɗaya, cikin daƙiƙa biyu ko uku zai kawo ta. Rubutu ba shi da nauyi, kuma rubutu shi ne hajarmu. Kwamfutar da ta gaza kallon bidiyo ba ta gaza buga tatsuniya ba, ba ta gaza adana jerin kalmomi dubu goma ba. Tana da allon bugu cikakke wanda yatsu goma za su hau, abin da wayar hannu ba ta da shi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin buga babin kundin digiri da babban yatsa a kan waya ya san abin da nake nufi. Sannan, in faɗi wadda ba a son ji, rashin intanet ɗin ma wata rahama ce, domin babu saƙon WhatsApp da zai faɗo maka a tsakiyar jimla.

Aikin kuma yana nan a ƙofar gida. Shabu garin Gwandara ne, mai sarautar Sangari, kuma masana sun tabbatar da cewa a duk harsunan Cadi babu wanda ya kai Gwandara kusanci da Hausa. Ga ɗalibin da ke son sanin tarihin Hausa, wannan taska ce. Wani masani daga Japan, Shuji Matsushita, ya wallafa nazarin sautukan Gwandara da jerin kalmominta a 1972, ya ƙara da kwatancen kare-karen harshen a 1974. Ya yi wannan tun babu intanet a ƙasar nan, babu kwamfutar tebur. Fiye da shekara hamsin ke nan. Mu da muke kwana muna tashi da masu harshen, muna ganin yadda yara da dama suka fi sakewa da Hausa a kan harshen kakanninsu, me muka ƙara a kai? Ban da Gwandara, ga Eggon, ga Alago, ga Migili, duk ana jin su a kasuwannin Lafiya. Ita kanta Hausar da ake yi a wannan yanki, wadda ta cuɗanya da waɗannan harsuna, abar nazari ce. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Shabu. Sunayen irin doya da rogo da riɗi, da na ciyayi da kayan noma a waɗannan harsuna, aiki ne da ɗalibin harshe da ɗalibin noma za su iya haɗa hannu su tattara.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Waya ta ɗauki muryar dattijo, bayan an nemi izininsa. A kwafe muryar zuwa kwamfuta, a saurara da manhajar Audacity, wadda tsofaffin nau'o'inta ke aiki a Windows XP, a riƙa tsayarwa ana rubutawa. Domin tsara ƙamus akwai Toolbox ta ƙungiyar SIL, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi. In an gama, a mayar da aikin cikin waya a tura wa malami ko abokin aiki. Wayar ce za ta je kasuwa, kwamfutar ta zauna a gida tana saƙa. Wanda ya nace sai kwamfutar ta hau intanet da kanta, to ya cire tsohon Windows ya saka Linux marar nauyi, irin antiX ko Puppy, ya jona wayarsa da igiyar USB ta ba ta intanet. Zai samu ya aika wasiƙa ya karanta shafuka marasa hotuna da yawa, amma kada ya sa rai da abin da ya wuce haka.

Inda zan ja kunnenmu sosai shi ne haruffa masu ƙugiya. A shekarun baya, masu buga Hausa sun dogara da tsare-tsaren haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa Hausa hidima ƙwarai a lokacinsu. Matsalar irin wannan tsari ita ce yakan ari gurbin wata alama ya ɗora ƙ ko ɗ ko ɓ a kai. Da zarar an kai rubutun kwamfutar da ba ta da tsarin, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma baka da wasu alamomi. Tsohuwar kwamfutar da ka gada mai yiwuwa da irinsu ta zo. A yi amfani da tsarin Unicode, inda kowane harafi yake da lambarsa ta dindindin a kowace na'ura, da haruffa irin Charis SIL ko Doulos SIL, da manhajar Keyman domin bugawa. Masu barin ƙugiya gaba ɗaya don gudun wahala kuwa, su tuna cewa ɗalibin Hausa ne ya fi kowa sanin bambancin kafa da ƙafa, da na dauri da ɗauri.

Na san akwai masu cewa ai wutar lantarki ma ta ishi mutum, kuma suna da gaskiya. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa da duk abin da ba a adana ba, kuma allon nan mai ƙeya yana shan wuta sosai. Wanda ya sami hali ya musanya shi da shafaffen allo na hannu, ya nemi UPS ko da ƙarami ne, ya kuma saba wa yatsunsa adana aiki bayan kowane sakin layi. Faifan ajiyar kwamfutar da ta shekara ashirin yana iya tsayawa kowace rana ba sallama, saboda haka duk aikin yini a kwafe shi wuri biyu kafin a kwanta. A kuma yi hattara da filashin da ya zaga shagunan buga takardu, domin ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shiga.

Shawarata ga ƙungiyar ɗaliban Hausa ita ce ta rubuta wa sassa da ofisoshin da ke da irin waɗannan kwamfutoci a ajiye, ta roƙi ko da uku ko huɗu. Mai gyara zai iya haɗa biyu masu aiki daga cikinsu. A ajiye su a ɗaki ɗaya, a yi jadawalin masu bugu, kowane aji ya ɗauki harshe ɗaya ko fanni ɗaya a zangon karatu. Katin modem ɗin kuma a zare shi a sa a akwatin gilashi, a rubuta sunansa da aikinsa da Hausa a jiki, domin 'yan aji ɗaya masu shigowa su gani.