Farasitamol Ba Ya Rama Barci

Iyaye, da ku nake. Daga Ƙaraye zuwa Rogo, da wuya ku leƙa shagon cajin waya ba ku tarar da yara sun yi cincirindo a kan Hill Climb Racing ba, wasan 'yar motar nan mai hawan tsauni da kamfanin Fingersoft ya fitar a 2012. Suna koya wa juna dabarun ƙara maki: a sassauta totur a kan tudu, a taɓa birki kafin mota ta kife, a cafke jarkar mai kafin tanki ya bushe. Ba ni da faɗa da wasan.

Faɗana da ku ne. Yaro ya raba dare yana hawan tsauni cikin duhu, ya wayi gari da ciwon kai da jan ido, sai ku aika kemis a sayo farasitamol da maganin ɗigawa a ido. Wayar kuwa tana nan ƙarƙashin matashinsa!

Wasu magungunan ɗigawar suna ɗauke da dexamethasone ko betamethasone. Idan aka daɗe ana ɗiga su ba da umarnin likita ba, suna iya jawo hawan jinin ido, kuma ganin da wannan cuta ta cinye ba ya dawowa. Farasitamol ma, in ana shansa kwana 15 a kowane wata, shi da kansa yana haddasa ciwon kai.

Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Ku karɓe wayar da an idar da sallar isha'i. In ciwon bai lafa ba cikin mako guda, ku kawo shi asibiti. In ya zo da amai ko zazzaɓi, ku kawo shi a ranar.