LAFIYAR IYALI: Ruwa garau, ɓawon kwakwa da gubar da ido ba ya gani

Ya ku iyayen gida, maza da mata, tun muna makarantar allo malamai suka karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukunci ne na tsarki, kuma yana nan daram. Sai dai ruwa yakan yi garau alhali kuwa yana ɗauke da dalma ko kadmiyum, ƙarafan da ba su canza ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku. Tafasawa ma ba ta fitar da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha, kadmiyum kuwa 0.003. Dalma tana daƙile ƙwaƙwalwar yara, kadmiyum yana lalata ƙoda. A 2010 ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara ta Najeriya. A nan Togo, fosfat ɗin da ake haƙa a Hahotoé da Kpogamé, ake wankewa a Kpémé, yana ɗauke da kadmiyum. Mu kuma a Zongo, abin lura shi ne tsofaffin batura da juji da baƙin mai na gareji kusa da rijiyoyinmu.

Cikin rahamar Allah, wani ɓangare na maganin yana cikin abin da muke zubarwa: ɓawon kwakwa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da ƙaiƙayin shinkafa. Masana sukan jiƙa su da sinadari, su gasa su a wuta mai tsanani inda iska ba ta shiga sosai, sai su zama wani irin gawayi mai ɗimbin ƙananan ƙofofi. Idan ruwa ya ratsa shi, ƙarfen yakan maƙale a jikinsa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Lome sun wallafa yadda suka haɗa irin wannan gawayi daga ragowar kaɗanya da ta angurya bayan an tatse mai.

To, amma a yi hattara. Gawayin murhu ba shi ne wannan ba. Wanda ya jefa shi cikin randa kada ya saki jiki. Shi ma gawayin masana yakan cika, dole a canza shi, kuma wanda aka cire ya zama guba: ba a zuba shi a shuka, ba a barin sa inda yara ke wasa.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara da awo. Gidajen da ke shan rijiya ɗaya ko foraj ɗaya su haɗa kuɗi, su nemi a gwada ruwan a Cibiyar Tsafta ta Ƙasa, wato INH, ko wani ɗakin gwaji amintacce, su ce musamman ƙarafa suke so a duba. Kwamitocin masallatai su fara da nasu rijiyoyin. In an sami guba, a bar ruwan ga wanki, a nemi na sha a wani wuri har a sami matata ta gari.

Yaran nan amana ce a hannunmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.