ZAUREN MAKWABTA: Kai Biki Bakin Bahar Rum

Wannan watan za mu taɓa wata sabuwar al'ada da ta fara shigo mana Sabha, wato ɗaukar biki ɗungurungum a kai shi bakin teku, ko Tarabulus, ko Janzur, ko Tajura, ko Garabulli, wasu har Misrata.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Da yawa daga cikin samarinmu can arewa suke aiki, abokansu da iyayen gidansu duk suna can. 'Yan matan kuma sun ga hotunan ƙawayensu a waya, amarya cikin farar riga, ruwa shuɗi a bayanta, su ma ransu ya biya. Wanda ya sha zafin Fezzan a watan Yuli kuwa ba zai zargi mai neman iskar teku ba. Ni dai ban ga laifin abin ba in da hali. Abin da na lura shi ne, iyaye kan fara da tambayar kuɗin sala, alhali akwai tambayar da ta riga ta, wato wa da wa zai iya isa wurin?

Daga Sabha zuwa Tarabulus ta hanyar Shuwairif da Mizda da Garyan ya haura kilomita 750, tafiyar wuni guda cur a mota. Tsakanin nan da can kuma akwai bawwaba bayan bawwaba, kowacce da masu bindigarta. To mu fa ba takarda iri ɗaya muke riƙe da ita ba, ko a cikin gida ɗaya. Akwai mai lambar ɗan ƙasa, rakam wadani. Akwai wanda aka haifa a nan, ubansa ma a nan, amma har yau lambar wucin gadi gare shi, rakam idari. Akwai mai fasfon Nijar ko na Nijeriya da ikama mai rai, akwai wanda tasa ta mutu shekara da shekaru, akwai kuma gwaggon da ta zo daga Damagaram ko Agadas ganin jikoki ba ta da komai sai katin zaɓe. A cikin unguwa duk ɗaya muke, kowa ya san kowa. A kan hanya kuwa takarda ce ke magana. Dokar ƙasar nan mai lamba 19 ta shekarar 2010 ta tanadi ɗauri ga wanda aka kama ba shi da izinin zama, kuma ba mu manta da samamen Gargarish na watan Oktoban 2021 ba, inda aka kwashe baƙi sama da 5,000 cikin 'yan kwanaki, har da mata da yara. Mai baƙar fata a bakin bawwaba ya san sau nawa ake juya takardarsa kafin a miƙo masa.

Saboda haka kafin a je kallon ko wane wuri, uban amarya da waliyyin ango su zauna da takarda da biro, su rubuta sunayen waɗanda biki ba ya yiwuwa sai da su, su duba takardar kowa ɗaya bayan ɗaya. In aka tarar kakar amarya ko gwaggon da za ta kai ta ɗaki ba za su iya hawa hanya lafiya ba, to magana ta canja. Kada kuma a ce jirgi zai raba gardama. Jiragen Sabha a Mitiga suke sauka, tun da yaƙin 2014 ya lalata babban filin jirgin Tarabulus, kuma binciken takardu a filin jirgi ya fi na hanya tsanani.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce a raba bikin biyu. Kamu da sa lalle da ɗaurin aure a yi su a nan gida, a masallacin unguwa, a raba goro da dabino, maƙwabta na Gurda da Mahadiyya da Manshiyya su shaida, tsofaffi su sa albarka. Takardun aure ma a gama su a nan wurin ma'azun, da takardar gwajin lafiya. In kuwa ɗaya ɗan ƙasa ne ɗayan baƙo, a tuna da dokar 1984 wadda ta ce sai da izinin hukuma, kuma izinin ba ya fitowa a mako guda. Bayan nan sai a ɗebi mota biyu ko uku na waɗanda takardunsu suka cika, a je bakin teku a yi walima. Wanda bai je ba bai rasa auren ba, liyafa kawai ya rasa.

To ina za a sauka? Sala ita ce mafi sauƙin sha'ani: kujeru, sanyi, ɗakin kwalliyar amarya, mata masu tsaron ƙofa da ke hana ɗaukar hoto da waya. Sai dai sa'o'i ake sayar maka, kuma akasari ta mata ce zalla, maza sai a nema musu wani wuri. Ga mutanen da suka taso daga Sabha, ni istiraha na fi so, wato gidan hutun nan mai katanga da fili da ake haya da kwana. Wurin kwana ne, wurin girki ne, wurin taro ne, kuɗi ɗaya. Amma kada a kama ta daga hoton Facebook. A tura mutum mai ido, zai fi kyau mace da namiji, su je da ƙafarsu. Namijin ya sa a tayar da janareta a gabansa, ya tambayi wa ke sayen mai, ya buɗe famfo ya ɗanɗana ruwan, don rijiyoyin bakin teku da yawa gishiri ya shige su. Macen ta duba tsawon katanga, ta ɗaga kai ta ga ko benen maƙwabta na leƙen tsakar gida, ta ƙirga banɗaki. Ita ce za ta gane ko mata arba'in za su iya sakewa su cire mayafi a wurin. A kuma tambayi mai wurin tun da wuri ko ya yarda da kiɗa da guɗa, da ƙarfe nawa ake kashewa, kuma a gaya masa ƙarara su wane ne baƙin. Gara ya ƙi tun yau da ya canja fuska ranar da motoci suka tsaya a ƙofarsa.

Shi kansa tekun a yi hattara da shi. Gaɓar da ke cikin Tarabulus ruwan kwatar birni na kwarara cikinta, sai an fita gabas ko yamma ake samun mai tsabta. Yaranmu kuma 'ya'yan rairayi ne, ba su san igiyar ruwa ba, a sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallonsu. Masu son hoto a kangayen Rumawa, Sabrata na kilomita 70 yamma da Tarabulus, Labda kuma na kusa da Khums ta gabas. Wuraren tarihi ne da UNESCO ta sa a kundinta tun 1982, a je a yi hoto a fito, ba a kafa tukunya a can.

Maganar kuɗi. A watan Afrilun 2025 babban banki ya sake karya darajar dinari da kashi 13 cikin ɗari da ɗoriya, ga wahalar fitar da tsabar kuɗi daga banki da kowa ya sani. Farashin da aka faɗa maka da baki a watan Janairu ba lallai ya kai Yuni ba. A rubuta shi, da kafin alƙalamin da aka bayar, da shaidu biyu. A kuma rubuta abin da zai faru in hanya ta rufe ko gari ya rikice. Wanda ya sa ranar biki a tsakiyar Mayun 2025, lokacin da faɗa ya ɓarke a cikin Tarabulus, ya san amfanin wannan layi guda. Mai wurin da ya ƙi yarda a ɗaga rana in an yi tashin hankali, a gode masa a wuce gaba.

Wasu na ambaton Jarba ta Tunisiya. Mai fasfon Libiya na shiga ba biza, mai na Nijeriya sai da ita, kuma iyakar Ras Jidir ta yi wata uku a rufe a 2024. Na bar wa masu hali.

Abinci kuwa, kuskus da shinkafa masu sala za su kawo, amma kada a bar gida ba daddawa da kuka da yaji, don baƙin da suka yi wuni a mota tuwo za su nema da dare. Kayan gara ma a tafi da su a kwalla mai murfi. Mutanen Kano kan ce alkaki da gurasa Larabawan Tarabulus da Gadamas ne suka kai musu, waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa zamanin da ayari ke wata da watanni ta Murzuk da Gat. Ke nan in gwaggo ta buɗe kwallar alkaki a Janzur, gida ta mayar da shi, sai a ɗiba wa mai istiraha ya ɗanɗana.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba maganar lefe da tsadar zinariya. Mai shawara ko ƙorafi ya aiko ta ofishin mujalla kamar kullum. Wassalam.