Tsiron da Aka Kora Daga Tukunyar Kunu

Idan bazara ta kankama a Ƙaraye da Rogo, daga watan Maris har saukar damina, babu abin da ke jiƙa maƙoshin manomi kamar kunun zaƙi mai sanyin randa. Sai dai yawancin abin da ake ɗurawa a gorar roba a kai tasha yanzu sunan kawai ya gada: ruwan gasara ne aka antaya masa sukari, ko ma sakarin mai barin ɗaci a bayan harshe.

Zaƙin kunu na asali daga tsiro yake fitowa. Idan aka jiƙa dawa ko shinkafa aka lulluɓe ta 'yan kwanaki har ta fara tsira, ƙwayar takan samar da wani sinadari, amiles, mai narka sitaci ya mai da shi sukari. Mai kunu takan raba ƙullunta biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta dakata ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali, da citta da kanumfari. Dakatawar nan ilimi ce, domin zafin tafasa yana kashe sinadarin. Kafin gari ya waye kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito, ɗan tsami ya biyo baya.

Masu yada tsiro suna da hujja biyu. Ta farko wahala, kuma gaskiya ce: sukari ba ya neman kwanakin jira. Ta biyu ita ce abar takaici, wai tsirar da hatsi da kwanar da shi hanyar burkutu ce. Ba a musun cewa mafarinsu ɗaya. Hatta giyar alkama da ake yi a Bavariya ta ƙasar Jamus da tsiro take farawa. Amma mai giya yisti yake zubawa, ya bar shi kwanaki da gangan ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Mai kunu kuwa sukarin take nema, shi ya sa take tacewa da asuba ta sayar kafin yamma. Addini ma bai bar wannan iyaka a duhu ba: ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa kwana na uku. Sa maye aka haramta, ba tsirowar hatsi ba.

Abin dariyar yana cikin firjin mai shago. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma kan dawar Arewa, har da masu yin lemon malt marar barasa. Saurayin da ke yatsina fuska ga kunun kakarsa shi ne zai biya ninkin kuɗinsa ya sha tsiron dawa a kwalba, wataƙila ma irin dawar da babansa ke lodawa a kasuwar Rogo. Ko a walimar saukar karatu, ba a taɓa jin wanda ya tambayi kwalbar nan ko ta kwana ba.