FILIN GYARA KAYANKA: Idan Kunnen Akwatin Agogon Mota Ya Karye

Yau cikin mota za mu shiga, mu zauna a kujerar direba, mu dubi wani ɗan abu da bai wuce faɗin babban yatsa ba, wanda da yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba ko da mun shekara goma muna tuƙi. A bayan sitiyari akwai wani akwatin roba mai fuska garai kamar gilashi, wanda makanikai ke kira compteur da Faransanci. A cikinsa ne agogon gudu yake, da allurar mai, da allurar zafin inji, da fitilun gargaɗi. Abin da ke riƙe wannan akwati a jikin tablo kuwa wasu 'yan kunnuwa ne na roba da suka fito daga gefensa, kowanne da hudarsa, aka zura sukuru a ciki aka ɗaure. Waɗannan kunnuwa su ne zancenmu.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Motar gidanmu tsohuwar Toyota Carina E ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1992 da 1997, suka gama aikinsu a Turai sannan suka sauka a tashoshin ruwanmu. Wata shekara akwatin agogonta ya fara kaɗawa yana 'yar ƙara idan an hau gargada. Muka naɗe kwalin sukari muka cusa a gefe, ƙarar ta yi shiru, mu ma muka yi shiru. Cikin bazarar nan muka ɗauki hanyar Garwa zuwa Ngaundere, mahaifiyarmu da yara suna baya. Da muka kama hawan dutsen Mbe muka dubi allurar zafi, muka gan ta kwance a ƙasa, har muna yaba wa injin. Ba mu ankara ba sai tururi daga gaban mota. Ashe tiyon lagireto ya tsage ruwa yana zuba, allurar da za ta gaya mana kuwa ta mutu tun ba yau ba, domin kunnuwa biyu sun karye, girgizar watanni ta zare soket ɗin da ke bayan akwatin. Muka wuni a bakin hanya da tsohuwa da ƙananan yara, gasket ɗin kan inji ya ƙone, kuɗin da aka tanada domin makarantar yara ya tafi gareji. Ɗan hakin da ka raina, in ji magabata, shi ke tsone maka ido.

Ɓarnar ba ta tsaya ga allurar zafi ba. A bayan akwatin tsofaffin motoci da yawa akwai wata siririyar leda mai layukan tagulla, ita ke kai wuta ga kowane ƙwan fitila. Idan akwati yana rawa, layukan nan suna tsagewa. Fitilar baƙin mai tana iya mutuwa, inji ya buga ba tare da gargaɗi ba. A motoci irin su Peugeot 504, waɗanda agogon gudunsu igiya ce ke juya shi daga giya, rawar akwati tana wahalar da igiyar, allura ta riƙa tsalle. Haka kuma a tsofaffin motoci da dama, ta cikin ƙwan fitilar batir ne altaneta ke samun 'yar wutar da za ta fara caji da ita, saboda haka idan layin ya yanke, mota tana iya yin tafiya batir yana ƙarewa direba bai sani ba.

Me ke karya kunnuwan? Na farko zafi da shekaru, domin roba tana bushewa ta yi gautsi. Wani bincike da aka yi a jihar Arizona ta Amurka, aka buga shi a 2018, ya nuna cewa a ranakun da zafin gari ya haura digiri 38, motar da ta yi awa ɗaya a rana tablonta yana kaiwa kimanin digiri 69, alhali wadda ke inuwa ta tsaya wajen 48. To, ina ga Garwa da Marwa da Injamena da Yamai a watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40? Na biyu girgizar hanyoyinmu. Na uku kuwa hannun ɗan Adam: wanda ya ɗaure sukuru da ƙarfin da ake ɗaure notin taya, ko wanda ya ɓanɓaro akwatin da sukudireba alhali sauran sukuru ɗaya bai kwance ba.

Mai karatu zai ce, ai sai a je wurin masu tsofaffin kayan mota a sayo wani. Ana iya yi, amma a tuna cewa kunnuwan wancan sa'o'in naka ne, rana ɗaya ta gasa su. Ga shi kuma ba kowane akwati ke dacewa ba, domin na mota mai fetur da na mai gazuwal sukan bambanta, lambar kilomita ma ta wata motar ce. Idan agogunan naka lafiyarsu ƙalau, gyaran kunne ya fi sauƙin kuɗi, kuma aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a tsakar gida.

Kafin a taɓa komai, a kashe mota a cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Idan motar tana da jakar iskan nan ta kariya a sitiyari, a dakata 'yan mintoci bayan cire batir, kuma kada a taɓa soket mai launin rawaya, domin nata ne. A kwance murfin da ya kewaye akwatin, a zuba sukurori a kofi, a jawo akwatin a hankali har hannu ya shiga bayansa, a danna harshen kowane soket kafin a zare shi. A nemi gutsattsarin kunnen da suka faɗa cikin tablo, domin za su yi amfani. Daga nan a raba fuskar gaba da agogunan daga ƙoƙon robar, in da hali, a ajiye su cikin ƙyalle mai tsabta nesa da wurin aiki. Kada a taɓa allurai da yatsa.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke yin kuskure. A bakinmu duk roba ce, amma a wurin masu ƙira iri-iri ce, kuma abin da ke kama wata ba ya kama wata. A juya ƙoƙon a dubi bayansa. Motocin shekarun 1990 zuwa sama galibi suna da tambarin haruffa tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin kibiya, kamar >ABS< ko >PP<, wani lokaci da ƙarin haruffa da lamba a bayansu. Idan babu tambari, a sami asiton, wato ruwan da ke cikin yawancin magungunan goge jan farce, a ɗiga kaɗan a wani lungu da ba a gani. Idan wurin ya yi laushi yana danƙo, ABS ce ko danginta. Idan ruwan ya bushe bai yi mata komai ba, mai yiwuwa PP ce. Wannan gwaji na minti ɗaya shi ke raba gyaran shekaru da gyaran mako guda.

Idan ABS ce, asiton ɗin shi ne maganinta, domin narkar da ita yake yi ɓangarorin biyu su koma abu ɗaya. A wanke wurin da sabulu ya bushe sarai. A yanka gutsattsarin wata tsohuwar roba mai tambarin ABS ƙanana-ƙanana, a zuba cikin kwalbar gilashi mai murfi, a zuba asiton ya rufe su, a bar su su kwana; da safe za a tarar sun zama kamar kunu mai kauri. A shafa asiton a bakin karayar duka biyu, a haɗa, a riƙe minti biyu ko uku. Sannan a shafa kunun a bayan kunnen har ya haura jikin ƙoƙon, a ɗora ɗan yankin ragar ƙarfe irin ta tagar sauro, a sake shafawa a kai. Gwamma shafi biyu ko uku sirara, ana barin kowanne ya sha iska, da a labta mai kauri lokaci ɗaya. A bar shi kwana ɗaya cur kafin a ɗaura. Sai dai a kula, asiton yana kama wuta nan take. A yi aikin a fili, nesa da murhu da taba da yara, kuma ɗigo ɗaya a kan fuskar gaba ya isa ya dusashe ta har abada.

Idan PP ce, a manta da zancen gam, domin gam na yau da kullum ba ya kama ta, ɓallewa yake yi kamar ɓawon gyaɗa. Ita sai wuta, tana narkewa wajen digiri 160 zuwa 170. A ari ƙarfen zafin nan da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. A haɗa karayar a ɗan ɗiɗɗiga ta da bakin ƙarfen a wuri biyu don ta tsaya, sannan a ja kwari a kan layin tsagar. A yanko siririn zare daga wata roba mai tambarin PP, a riƙa narka shi cikin kwarin tare da gefunansa har su gauraya. Bayan haka a ɗora ragar ƙarfe, ko 'yar waya da aka lanƙwasa kamar tafiyar maciji, a danna ta da ƙarfen har ta nutse cikin robar ta gicciye tsagar, a lulluɓe. Idan hayaƙi ya yi yawa ko roba ta fara canja launi, zafi ya wuce kima, ƙonawa ake yi. A cire wuta a jira. Hayaƙin kuma ba na shaƙa ba ne.

Mun nanata zancen raga da waya ne da gangan. Kunne ya karye a wurin da nauyi ya fi taruwa, kuma nan nauyin zai koma gobe. Liƙi kaɗai nama ne ba ƙashi. Dole a ba kunnen abin da zai ratsa tsagar ya raba nauyin zuwa jikin ƙoƙon.

Idan kunnen ya ɓace gaba ɗaya ko ya marmashe, sai a ƙera sabo. A yanka kwali daidai siffar kunnen da ya rage a ɗaya gefen, a gwada shi a mota har huda ta zo daidai huda, sannan a kai wa maƙeri ko mai haɗa tagogin alminiyom ya fitar da shi a fallen da kaurinsa ya kai milimita ɗaya ko biyu, da doguwar jela da za ta kwanta a jikin ƙoƙon. A ɗaure jelar da ƙananan noti biyu. A jikin ABS ana iya ƙarawa da gam mai haɗi biyu irin Araldite, bayan an kankare wurin da samfefa. Mai jinkirin bushewa ya fi mai minti biyar ƙarfi, kuma yana ba mutum damar daidaitawa. Kada a yi huda alhali agogunan suna ciki, kuma kada ƙarfen ya taɓa layukan tagulla.

Saura sufa gulu da garin bikarbonat, wanda samari ke alfahari da shi. Gaskiya ne yana daskarewa nan take kamar dutse, amma taurinsa na gilashi ne, ba ya jure girgiza, tururinsa kuma yana barin farin tabo a fuskar agogo. A bar shi ga wanda hanya ta ritsa da shi.

Wajen mayarwa, a tabbata kowane soket ya shiga har ya yi ƙas. Hudar kunne ta ɗan fi sukuru faɗi, a sa masa washa, a yanko ɗan tsohon tib na babur a shimfiɗa a ƙarƙashi don ya sha girgiza. A fara juya sukuru baya har a ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan a yi gaba. A ɗaura su bi da bi, kaɗan-kaɗan, da zarar akwati ya daina motsi a tsaya. A mayar da batir, a murɗa makulli ba tare da tada inji ba: lalle fitilar baƙin mai da ta batir su kama, su kuma mutu bayan an tada. A bar injin ya yi ɗumi, a ga allurar zafi ta tashi. Wanda ya mai da wannan dubawa al'adarsa ta kowace safiya ba zai wuni inda muka wuni ba.

Kalma ta ƙarshe. Ranar da akwatin nan ya fito, ba a rasa mai raɗa maka cewa a rage lambar kilomita don motar ta yi daraja ranar sayarwa. Wannan algus ne, kuma wanda za a cuta magidanci ne irinka da zai ɗauki iyalinsa a ciki. Idan ma dole ta sa an canja akwatin, a rubuta lambar tsohon da ranar canji a ajiye cikin takardun mota, a nuna wa mai saye. Bayan gyara kuma a nema wa mota inuwa, ko a shimfiɗa kwali a gilashin gaba idan za ta daɗe a rana.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu dubi tiyon lagireto da alamomin da yake nunawa kafin ya tsage. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.